Bakwai a Rumbu, Uku a Zogale

Nasiru mai gyaran famfo ya baro Tibirin Gobir yana da shekara goma sha tara, ya sauka Yamai da riga biyu da wando ɗaya. Yau shekararsa hamsin da shida. Biyar daga cikin shekarunsa na Yamai ya yi su a unguwar Yantala, yana ɗaukar wa wani tsoho ɗan Togo jakar kayan aiki, talatin da biyu kuma yana cin gashin kansa a Banifandu. Makaranta aji shida ya yi. Amma a tambaye shi matakala nawa ne zuwa tankin ruwan kowane gidan sama a unguwar, zai faɗa ba tare da ya ɗaga kai ba. In yana wucewa bisa moto ya ji famfo na ɗiga a gidan da bai sani ba, sai ya tsaya ya yi sallama, ya gaya wa masu gidan bido, wato jarka, nawa suke zubarwa a mako, ya ɗaure musu, ya wuce.

Abu ɗaya tsohon ɗan Togo ya dasa masa wanda bai taɓa ketarewa ba. Ruwa mai tsabta da hanyarsa, wanda aka yi aiki da shi da tasa hanyar, kuma na biyun ba a maida shi cikin tanki ko da mai gida ya roƙa. Nasiru ya sha ajiye aiki ya tafi saboda wannan magana.

Ƴaƴa biyar Allah ya ba shi da matarsa Zuwera. Autarsu Nafisa ita ce ta shiga karatun likita, kuma a shekarar da ake wannan labari tana aji na biyu karo na biyu. Darasi tara aka yi musu jarrabawa a kai, ta ci takwas. Na taran shi ne na yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, wanda ya kada ta bara, ya sake kada ta bana. Saura mata dama ɗaya, jarrabawar baki ranar Alhamis, a kan babin zuciya. In ta ci ta wuce aji uku. In ta faɗi karatun ya ƙare, don ba za a bar ta ta zauna ajin karo na uku ba.

Ba ƙiwa ke damunta ba. Shafi arba'in da ɗaya ne babin, kuma duka suna kanta da faransanci, har inda aka sa waƙafi. Sai dai da malami ya kauce daga layin littafi ya ce mata "to, don me?", bakinta ya kulle.

Ranar Asabar da la'asar Nasiru na wanke hannu a bakin famfon tsakar gida, Nafisa na kai da kawowa tsakanin ƙofar ɗaki da fangalin zogalen uwarta, tana maimaita jimla ɗaya. Ya bari sai da ta kai sau ashirin da uku.

"Auta, wannan da kike ta faɗa, mene ne da Hausa?"

Ta yi dariya. "Baba, ba shi da Hausa."

"Akwai ƙofa a ciki?"

"Akwai."

"Akwai abin da ke shiga yana fita?"

"Akwai."

"To ai aikina ne. Zauna ki gaya mini."

Ta zauna a kan turmi, ta fara da in-ina. Zuciya tsoka ce, in ji ta, tsokar kuma ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace kamar ɗaki mai bango. Abin da ke sa ƙwayar ta matse wani sinadari ne da ake ce wa kalsiyom, irin wanda ke cikin ƙashi da nono. A cikin kowane ɗaki akwai rumbu cike da shi, a kulle. In lokacin bugu ya yi, ɗan kuran, wato ƴar wutar lantarki, da zuciya ke yi da kanta sai ya bi bango ya buɗe wasu ƙananan ƙofofi, kalsiyom kaɗan ya shigo daga waje. Wannan kaɗan ɗin shi ke taɓa ƙofar rumbu ta buɗe, mai yawa ya kwararo, ya hau zaren tsokar, ta matse.

Nasiru ya daina goge hannu. "Tsaya. Abin da ke cikin rumbun, da shi ake buɗe rumbun?"

"Da shi."

"Nawa ke shigowa, nawa ke fitowa?"

"In an kasa goma, kusan uku daga waje, bakwai daga rumbu. Amma na farkon da ya shigo ya isa ya buɗe ƙofar."

Ya yi murmushin da Zuwera ta sani, wanda in ya yi shi sai wani abu na gidan ya rasa murfinsa ko igiyarsa. Ya san wannan abin. Ya sa shi a makewayin makarantu sun fi ashirin: tanki mai lanƙwasasshen tiyo a ciki, ruwa ya tsaya daf da lanƙwasar, ka ƙara ɗan kaɗan ya haye, sai tiyon ya zuƙe tankin duka. Ruwa ke buɗe wa ruwa hanya.

"Jibi za ki ga zuciya a tsakar gidan nan," ya ce.

Lahadi da safe ya hau moto ya nufi kasuwar Wadata, shagon Abdulkarim, wanda ya shekara ashirin da huɗu yana sayen tiyo a wurinsa. Abdulkarim Bazabarme ne haifaffen Yamai, Nasiru kuwa Bagobiri, saboda haka taubasai ne, ba su taɓa gaisawa ba tare da an ci fuskar wani ba.

"Fofo, bawana," in ji Abdulkarim. "Ka zo gaida ubangidanka?"

"Na zo duba ko ka iya ƙirga canji tukuna. Ba ni tiyo siriri mita uku, da gwiwar tiyo biyu, da ƙwallon tanki ɗaya."

"Makewayin wa ya lalace?"

"Zuciya zan haɗa."

Abdulkarim ya leƙa waje ya kira maƙwabcinsa mai sayar da fenti. "Zo ka ji. Bagobiri zai haɗa zuciya. Mutanen da Allah ya ba su zane a fuska ya hana su abin cikin kai."

"Ta Bazabarme zan fara haɗawa, ita ce ba ta da kaya da yawa."

Da Nasiru ya gaya masa dalili, Abdulkarim ya daina dariya, ya shiga ciki ya zaɓo tiyo mai haske wanda ake ganin ruwa a cikinsa. Shi ya raɗa wa Nafisa suna a kunne ranar sunanta, har yau kuma "ƴata" yake ce mata. Ya ce gobe zai rufe shago da hantsi ya zo ya ga abin kunyar da idonsa.

Wuni guda Nasiru ya yi yana aiki a gindin bango. Ya yanke kan wani bido ya ɗora bisa katanga, shi ne rumbu, yana cin moɗa bakwai daf da lanƙwasar tiyo. A ƙarƙashinsa ya rataya bokiti da igiya, igiyar ta bi ta ƙugiya ta kama katako biyu da robar tayar moto ke riƙe da su a buɗe. In bokiti ya yi nauyi sai ya ja katakan su haɗu, tsoka ta matse ke nan. Igiyar shanyar Zuwera ce ta tafi a wannan aiki, da katakon yanka albasarta.

Saura tambaya biyu, kuma bai ga dalilin damun Nafisa da su ba, don kowane mai gyaran famfo ya san amsarsu. Ina ruwan bokiti zai tafi? Ya huda gindin bokitin ya sa tiyo zuwa fangalin zogale, tunda ba a zubar da ruwa a banza a Banifandu da zafi. Da me rumbu zai sake cika? Ya jawo layi daga famfo ya sa ƙwallon tanki, in ya cika ya tsaida kansa.

Litinin da hantsi aka taru su huɗu. Nafisa ta ɗebo moɗa daga randa, randar ita ce waje, ta zuba a bido. Ruwa ya haye lanƙwasar, tiyo ya yi ƙara kamar mai kurɓar kunu, kafin ta gama zuba ta uku rumbu ya juye duka. Bokiti ya nutsa, katako biyu suka haɗu, ƙwas.

Zuwera ta rangaɗa guɗa. Ruwa ya zurare zuwa zogale, katakai suka buɗe, famfo ya cika bido. Nafisa ta sake zubawa. Ƙwas.

"Ka gani, Bazabarme?"

"Tiyona ne mai kyau," in ji Abdulkarim.

Nafisa na zubawa tana faɗar sunayen abubuwan da faransanci, tana nuna kowane da yatsa, ga ƙofar bango, ga rumbu, ga ƙofar rumbu, ga zaren tsoka. Fuskarta ta saki irin sakin da uban bai gani ba tun watan azumi. Nasiru na ƙirgawa a fili. Goma sha shida. Goma sha bakwai. Goma sha takwas.

Sai famfo ya yi tari sau biyu ya ɗauke, kamar yadda ya saba a irin wannan lokaci. Nafisa ta zuba moɗa uku a bidon da ba komai. Suka kwanta a gindi, ba abin da ya motsa.

"Allah ya ji ƙan mai zuciyar nan," in ji Abdulkarim. "Bugu goma sha takwas ya yi a duniya. Bagobiri ne ya yi masa aiki."

Nasiru ya matsa kusa da katanga. Yana tsaye yana kallon bidon, hannunsa ɗaya a ƙirji.

"Auta, tawa zuciyar shekara hamsin da shida ba a taɓa ɗauke mata ruwa ba. Wane famfo ke cika mata rumbu?"

Nafisa ta buɗe baki, jimlar faransanci ta fito da kanta, santala-santala, wadda take a shafi na talatin. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ta sake faɗar ta a hankali, kamar yau ta fara jin ta. Sannan ta dubi tiyon da ya tafi zogale, ta dubi layin famfo.

"Baba, ba haka ba ne. Ba famfo daga waje. Wanda ya fito shi ake maidawa."

"A maida me?"

"Kalsiyom ɗin da ya gama aiki. A jikin rumbun akwai wasu ƴan famfuna masu tura shi ciki. Sai sun kwashe shi daga kan tsokar sannan take saki. Bakwai ɗin nan su ne dai suke fita suna komawa, tun ranar da aka haifi mutum. Na haddace shi shekara biyu, wallahi ban taɓa ganin abin da nake faɗa ba."

"Wanda aka yi aiki da shi," in ji Nasiru, "a maida shi tanki."

"Eh, Baba."

"Shekara talatin da bakwai ban taɓa yi ba."

"To Wanda ya yi zuciyar bai yi koyo wurin ɗan Togo ba," in ji Zuwera. "Malam, toshe ramin nan mu gani."

Ya yanke layin famfo, ya toshe gindin bokiti da tsinke da leda. Aka cika bido daga randa. Nafisa ta zuba uku, rumbu ya juye, katakai suka haɗu. Suka zauna a haɗe. Aka jira, ba su buɗe ba.

"Ta ƙi saki," in ji Zuwera.

"Ba za ta saki ba sai an kwashe," in ji Nafisa. "Kuma in ba ta saki ba jini ba zai shiga ba, balle a tura shi. Baba, kai ne famfon rumbu."

Ta miƙa masa moɗa. Ya juya ta a hannu kamar an ba shi abin sata. Sai ya naɗe hannun riga, ya ɗebo daga bokiti, ya ɗaga ya juye a bido. Ɗaya. Biyu. Da ya kai bakwai rumbu ya cika daf da lanƙwasa, amma akwai sauran ruwa a bokiti, katakai ba su gama buɗewa ba.

"Saura uku," ya ce. "Ba wurinsu."

"Waɗanda suka shigo daga waje ke nan. Su waje ake fitar da su, ta wata ƙofar bango daban."

"Ai nawa ne," in ji Zuwera, ta karɓe moɗar.

"Inna, a jiki cikin ruwan da ke kewaye da ƙwayar suke komawa. Randa ya kamata."

"Zogalena ma waje yake."

Haka aka raba aiki. Nafisa na zuba uku, Nasiru na maida bakwai, Zuwera na kai uku gindin zogale, Abdulkarim na zaune a inuwa da agogo a hannu yana sanar da cewa bugu uku suke yi a minti, ko kunkuru ya fi su. Rana ta take. A bugu na talatin da ɗaya rigar Nasiru ta jiƙe sharkaf, kafaɗarsa ta fara ciwo, ya maida biyar kawai ya dafa bango. Nafisa ba ta lura ba ta zuba nata. Katakan da ma rabin buɗewa suka yi, rumbu bai cika ba, bugun ya zo a makare, ɗan ƙaramin sauti kamar an ajiye cokali.

"Bawana ya gaji," in ji Abdulkarim.

"Ashe sakin ma aiki ne," in ji Nasiru yana haki. "Ni na ɗauka zuciya hutawa take yi tsakanin bugu da bugu. Ashe a nan ne ake ɗaukar kaya."

Nafisa ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta gaya musu cewa a ƙwaya ɗaya ma ba rumbu ɗaya da ƙofa ɗaya ba ne, irin wannan mahaɗar dubbai ce, kowace da ƙofar bangonta a gabanta, kuma yawan waɗanda suka buɗe shi ne ƙarfin bugun. Nasiru ya dubi Abdulkarim.

"Kada ma ka fara," in ji Abdulkarim. "Ba ni da tiyo dubu."

Talata da Laraba Nafisa ba ta yi yawon hadda a tsakar gida ba. Tana zaune gaban bido da littafi a cinya, tana karanta layi ɗaya ta tashi ta taɓa abin da layin yake nufi. Nasiru ya ƙi amsa kira huɗu a kwana biyun, har da na wani alhaji mai bene uku, don a samu mai maida bakwai.

Alhamis ya kai ta a moto, ya zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro da ke fuskantar ginin. Tagogi goma sha shida ne a jikin ginin, biyu gilashinsu ya tsage. Ɗalibai ashirin da bakwai suka shiga, Nafisa ce ta goma sha ɗaya. Ya sa yatsa biyu a wuyan hannunsa kamar yadda ta koya masa, ya duba agogo, ya samu casa'in da shida a minti. Da safe a gida saba'in da biyu ne. Ya yi tunanin ƴan famfunan nan da ke cikin ƙirjinsa suna kwasa suna maidawa sau casa'in da shida, ba mai ba su ruwan sha, ya ji tausayinsu.

Minti ashirin da biyu ta yi a ciki. Ta fito da sauri, mayafinta a hannu.

"Baba, tambayar ba ta cikin shafi arba'in da ɗayan."

Nasiru ya miƙe tsaye. "To?"

"Farfesar ta bar ni na faɗi yadda rumbu ke buɗewa, ba ta ko ɗago kai ba. Sai ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi ta ce, a ce mutum zuciyarsa ta gaji, famfunan rumbu sun yi sanyi, me zai faru? Na ji bakina zai kulle kamar bara. Sai na gan ka ka dafa bango."

"Ni?"

"Kai, a bugu na talatin da ɗaya. Na ce mata abu biyu za su faru. Tsokar ba za ta gama saki ba tunda ba a kwashe duka ba, kuma bugun da zai biyo ba zai yi ƙarfi ba tunda rumbu bai cika ba. Ta ɗago ta ce a wane littafi na gani. Na ce a tsakar gidanmu."

"Kin gaya mata bido ne?"

"Har igiyar shanya na gaya mata. Ta ce in ɗauko mata hotonsa."

Ba a kafa sakamako ba sai bayan la'asar. Kafin nan Zuwera ta iso a taksi da kwanon dambun zogale, Abdulkarim ma ya sake rufe shago. Ɗalibai suka yi cincirindo a gaban allo. Nasiru bai kutsa ba, ya tsaya baya yana kallon bayan mayafin ƴarsa. Ya ga ta sa yatsa a takarda ta bi layi, ta tsaya, ta sake bi. Sannan ta juyo ta ɗaga hannu biyu.

"Sha huɗu cikin ashirin. Na wuce aji uku."

Zuwera ta rungume ta. Abdulkarim ya ce da ma ya faɗa, yarinyar kan Zabarmawa ta ɗauko tun ranar suna. Nasiru ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya goge ido da bayan hannu, amma leɓensa na motsi, don kansa ba ya ganin lamba ya ƙyale ta.

"Sha huɗu cikin ashirin," ya ce. "Bakwai ke nan cikin goma. Auta, ina ukun?"

"Ka san inda suke zuwa," in ji Zuwera, ta buɗe kwanon dambu ta miƙa masa.

Bidon yana nan bisa katanga har yau. Ƙawayen Nafisa goma sha huɗu sun zo sun zuba masa moɗa, kuma duk wadda ta zo sai Nasiru ya sa ta maida bakwai da hannunta har kafaɗarta ta gaya mata. A wurin aiki bai canza ba, ko jiya ya ƙi haɗa wa wani mai gidan wanka layin da zai maida ruwan wanki tanki. In an tuna masa da abin da ke tsakar gidansa sai ya ce wancan daban ne, Mai shi ya san yadda yake tsabtace kayansa. Zuwera dai har yanzu a kan katanga take shanya, tana jiran igiyar da ya ce zai sayo mata ranar Lahadi.